A ba waƙoƙin Zumuntar Mata da na harsunanmu fili a shirin Lahadi

Ranka ya daɗe Edita,

Bayan gaisuwa, ina cikin masu bin shirinku na waƙoƙin yabo na safiyar Lahadi, kuma roƙo ne ya sa na rubuto. Kusan duk abin da kuke sakawa yanzu waƙoƙin Turanci ne na kibod da jita. Ba ƙin su nake yi ba. 'Ya'yanmu ne ke yin su, kuma a nan Jos Panam Percy Paul ya daɗe da nuna mana cewa da jita ma ana wa'azi. Amma wanda ya kama tasharku daga nesa sai ya ɗauka iyakar sujadar Filato ke nan.

Ku shiga kowace majami'ar COCIN ko ECWA a lokacin sujadar Hausa ku gani. Idan aka kira Zumuntar Mata, za su taso da zane iri ɗaya, wata ta zauna da tulu a gabanta tana buga bakinsa da soso, wata na kaɗa caki, guda ta ba da waƙa saura su amsa. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba, a nan ta haddace labarin Ayuba da na Rut, domin labaran Littafi Mai Tsarki suke rerawa, wani lokaci har da faɗa ga magidanta masu sha. Duk wa'azin da na ji a kan zaman aure, ban ji wanda ya ratsa mutane kamar nasu ba.

Wannan ba a sama muka tsince shi ba. 'Yan mishan ɗin SUM, wato Sudan United Mission, sun sauka Wase a 1904, cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, kuma waƙoƙin Turawa da aka fassara su ne suka cika Littafin Waƙoƙi. Da yawa daga cikin 'yan mishan sun yi ɗari-ɗari da ganga saboda suna danganta ta da tsafi. Sai a hankali kiɗan gida ya sami shiga, har 'yan ƙungiyar bishara ta Sabon Rai suka fita da shi titi. Zabura 150 kuwa tuni ta lissafa ƙaho da molo da ganga da sarewa. To, don me yau mu da kanmu za mu sake ture shi gefe?

Abin da ya fi damuna shi ne waƙoƙin Berom, Ngas, Tarok, Mwaghavul da Afizere. Yawancinsu ba a rubuce suke ba, a bakin dattawa suke, dattawan kuma suna ta tafiya.

Don Allah ku raba lokacin shirin, matasa su sami nasu, Littafin Waƙoƙi da Zumuntar Mata da harsunanmu su sami nasu. Mata ba su da kuɗin shiga situdiyo, don haka ku aika ma'aikacinku da na'urar ɗaukar murya zuwa Bukuru, Pankshin, Mangu da Langtang. Ku nemi izinin fastoci, ku ɗauko waƙoƙin a inda ake yin su, a kuma faɗi sunan ikilisiyar da harshen kafin a saka.

Naku,
Mai sauraro daga Tudun Wada, Jos