Gida ɗaya ne, me ya kawo fayil uku?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili in yi magana kan ƙudirin sabuwar dokar gado, wanda aka sha kai wa majalisar dokoki a Ankara, babban birnin Ghana, tun 2009. Duk ranar da aka sake ɗauko shi, akwai abin da nake so a saka ciki, don a gidanmu na ga amfaninsa.

Kakanmu ya bar gida mai ɗaki 14 a unguwar Aboabo ta Kumasi, ba wasiyya a rubuce. Kun san halinmu a Zango. An yi sadakar uku, ta bakwai, ta arba'in, kowa ya koma ɗakinsa, ba mai son ya fara ta da maganar takarda kada a ce idonsa na kan kayan mamaci. Sai da 'yan haya suka fara tambayar hannun wa za su sa kuɗi, sannan Baba ya je kotu ya karɓo takardar izinin kula da gado. Bai kai ga juya sunan gidan ba Allah ya karɓi abinsa. Wata takwas bayansa Gwaggo ta bi shi, ta bar 'ya'ya biyar, biyu suna Tamale.

Da na je wurin lauya, na ɗauka ci gaba za mu yi daga inda Baba ya tsaya. Ya ce a'a, yanzu gado uku ne. Na Kaka sai an nemi sabon izini kan abin da ba a gama rabawa ba, na Baba da nasa fayil, na Gwaggo da nata. Kowanne da rantsuwarsa, da kuɗinsa, da sanarwar da ake mannawa kwana 21 ko akwai mai ja. Sau uku aka manna mana takarda a bango ɗaya, har maƙwabta suka fara raɗe-raɗin wai gidan za a sayar. Ni tela ne, duk ranar kotu a Adum rufe shago nake yi, 'yan Tamale kuma su kwana a mota, a zo a ce wannan fayil yana jiran wancan.

Abin da ya fi ba ni haushi, malamanmu sun daɗe da sanin maganin wannan. A ilimin rabon gado suna ce masa munasaha: idan magaji ya rasu kafin a yi rabo, sai a fitar da kasonsa a zuba wa nasa magadan, duk a lissafi guda. Malamin unguwarmu ya zauna da takarda ɗaya bayan Azahar, kafin a kira La'asar kowa ya san nasa. Na san lissafin kotu daban ne. Dokar PNDC ta 111 ta 1985, wato dokar gado da gwamnatin soja ta wancan lokaci ta kafa, ta soke sashen tsohuwar dokar auren Musulmi da ya ba da damar bin rabon Musulunci, kuma ba ta bambanta ɗa da 'ya. Wannan zance ne na wata rana, na bar wa manya. Dabarar haɗawar nake so a ara.

Ga roƙona: idan mamata dangin juna ne, dukiyar kuma ɗaya ce, ina so sabuwar dokar ta ba alƙali ikon haɗa su a zama ɗaya, da sanarwa ɗaya, a kimanta gidan sau ɗaya.

Ɗan Gwaggo ya ce min, “Yaya, in aka haɗa, bashin Kawu zai hau kanmu.” Yana da gaskiya ya ji tsoro, don Baba ya bar bashin goro. To fayil za a haɗa, ba tukunya ba. Bashin kowa a cire daga kasonsa, kuma magajin da ya ga za a cuce shi ya sami damar cewa a ware nasa.

Ɗan majalisarmu na Asawase, ranka ya daɗe, ka sa a ƙirga maka gidajen Aboabo da Sawaba da har yau sunan kaka ke kan takardarsu. Namu dai ɗakin tsakiya yana yoyo, damina ta kusa, kuma ba wanda ya yarda ya sayi kwano tunda bai san ko ɗakin zai faɗo a kasonsa ba.

Wassalam,
Wani tela, Aboabo, Kumasi