Masu jiki, kada a ruɗe mu da tsalle-tsalle

Assalamu alaikum, Edita. Ka ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana da 'yan'uwana masu jiki, musamman waɗanda suka haura shekara 40.

Ni tela ne a Fagge, shekara 22 ina zaune gaban keke. Bara da na hau sikeli a asibiti kilo 106 na gani, ga shi ni ba dogo ba. Abin da ya fi tayar min da hankali kuwa a masallaci ya faru. Wata Juma'a na ɗago daga sujada na kasa miƙewa, sai da na dafa kafaɗar yaron da ke gefena. Yaron bai ce uffan ba, ni dai har na isa gida kunya ba ta sake ni ba.

Ana nan sai ɗan ƙanwata ya zo da bidiyo a waya. Wani saurayi ne siriri kamar sillen kara yana tsallen kwaɗo, daƙiƙa 20 na aiki, 10 na hutu, sau takwas. Ya ce, "Kawu, minti huɗu ne kacal, tumbin nan zai zube." Kwana uku na yi a kan simintin tsakar gida. A na huɗu gwiwar dama ta kumbura suntum. Sati uku ina salla a kujera, keken ma da ƙafa ɗaya nake takawa, ga ɗinkin biki jibge.

Ma'aikacin sashen gashin ƙashi da ya duba ni ne ya warware min zare da abawa. Ya ce shi tsarin a yi da ƙarfi, a sassauta, a sake, ba shi da laifi. Na minti huɗun wani masani ɗan Japan, Izumi Tabata, ya fito da shi a 1996, amma a kan matasa 'yan wasa ya gwada, kuma keken motsa jiki suka tuƙa, ba tsalle suka yi ba. Mai nauyi irina, kowane kilo guda na jikinsa kamar huɗu yake zama a kan gwiwa duk taku. To ina ga ya yi sama ya diro?

Sai ya ɗora ni a kan wani tsarin, shi ma daga Japan, na Jami'ar Shinshu. Tafiya ce kawai: minti uku da sauri, minti uku a hankali, sau biyar, rabin awa ke nan, kwana huɗu a mako. A binciken da suka fitar a 2007, magidanta da tsofaffin da suka yi wata biyar a kansa cinyoyinsu sun fi ƙarfi a kan na masu tafiyar bai-ɗaya.

Bayan Asuba nake fita, wayata na ƙara duk minti uku. Yadda nake gane saurin ya kai, in maƙwabci ya ce "ina kwana, ina gajiya, ya iyali", "lafiya" ɗaya tak nake iya ba shi saboda haki. Wasu sun zaci girman kai na fara, sai da na bi su da bayani. A shago kuma, Litinin da Alhamis, ina tashi daga benci in zauna sau goma ba dafawa, in huta, in maimaita. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a shawarwarinta na 2020, cewa ta yi baligi ya haɗa da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako.

Ba zan yi wa kowa ƙarya ba, wata bakwai ke nan kilo biyar kacal na rage, tumbi na nan daram. Amma yanzu ina tashi daga sujada ba na neman kafaɗar kowa, benen gidan yayana ma ina hawa ba tsayawa.

Roƙona ga masu saka bidiyon atisaye da masu shirye-shiryen lafiya a rediyo, su riƙa faɗin wanda abin ya dace da shi. Mai hawan jini, ciwon suga ko ciwon zuciya ya fara ganin likita tukun. Maiɗakina, wadda ta fi ni ƙorafin gwiwa, ta fara nata a tsakar gida makon jiya, daga bakin rijiya zuwa zaure, minti biyu-biyu.

Naku,
Wani tela daga Fagge, Kano