Wasiƙar Makaranta ga Iyaye: Kulle Na'urar Karatun Yara Kafin a Miƙa Musu

Zuwa ga iyaye da masu riƙon yara,

Assalamu alaikum. Yara da dama suna zuwa makaranta da Kindle ko tablet domin karatu, kuma muna maraba da hakan. Sai dai yawancin waɗanda muke gani a buɗe suke, ba kulle ko ɗaya. Ga yadda za a gyara.

Mu fara da Kindle, na'urar karanta littattafai ta kamfanin Amazon. Kantin littattafan Amazon a cikinta yake, kuma katin bankin da ke kan asusun mahaifi shi ake cira. Yaro ya taɓa wurin saye sau ɗaya, ciniki ya faɗa, da dala. Idan hakan ta faru bisa kuskure, akwai kwana 7 na mayar da littafin a karɓi kuɗi, amma gara a toshe tun farko. A shiga Settings, a nemi Parental Controls, a sa lambar sirri, sannan a rufe kantin da burauzar intanet. Kada a manta da Cloud, wato rumbun duk littattafan da aka taɓa saye a asusun. Idan a buɗe yake, littattafan manya na Baba ko na Mama suna gaban yaro.

Hanya mafi tsabta ita ce a buɗe wa yaro nasa shafin a Amazon Kids. A can ba zai ga komai ba sai littafin da aka zaɓa masa, kuma asusu ɗaya yana ɗaukar yara har 4. Akwai wurin sa burin karatu na kullum, misali minti 30. Buri ne kawai, ba ya kashe na'urar, saboda haka da dare a karɓe ta daga hannunsa. Wanda kuma ya sayi Kindle ta yara ya duba rajistar Amazon Kids+ da take zuwa da ita, domin idan wa'adin kyauta ya ƙare, sabunta kanta take yi ta ci kuɗi.

Lambar sirri ita ce inda aka fi faɗuwa. Shekarar haihuwar yaro, ko 1234, ko lambar buɗe wayar Mama, duk ya san su. A zaɓi wata dabam, a rubuta a ajiye, kuma kada a danna ta yana leƙe ta kafaɗa. Idan an manta, mafita ita ce a mayar da na'urar kamar sabuwa, duk abin da aka sauke ya goge. Littattafan da aka saya suna nan a asusun, amma sai an sake sauko da su, sannan a sake kullen daga farko.

Masu sayen ta hannu a Banex ko kasuwar Wuse su tsaya a shagon a haɗa ta da intanet, a cire asusun mai ita na baya, su sa nasu. Wadda aka kai rahoton sace ta ba ta karɓar sabuwar rajista, kuma babu Amazon Kids ba tare da rajista ba.

Tablet ɗin Android ta fi buƙatar aiki, tunda ba littafi kaɗai take buɗewa ba. A sauke Family Link, manhajar Google ta kula da na'urar yara, a wayar uba ko uwa, a buɗe wa yaro asusun Google da ainihin shekarunsa. Idan aka ƙara masa shekaru ya kai 13, Google zai ɗauke shi wanda zai iya riƙe asusunsa da kansa. Daga nan a sa dokar neman izini kafin sauke kowace manhaja, a sa iyakar awanni da lokacin barci. A iPad, Screen Time ne ke yin wannan aiki, da lambarsa mai lambobi 4, wadda ya kamata ta bambanta da ta buɗe allo.

Akwai ƙofar da duk waɗannan ba sa rufewa. Littafin da aboki ya tura ta Xender, ko PDF da aka ɗauko daga rukunin WhatsApp, bai bi ta kanti ba, don haka ba abin da ya tace shi. Ta nan littattafan soyayya na manya, har da na batsa da Hausa, suke isa hannun 'yan JSS, wasu an canza musu suna su yi kama da darasi. Wattpad ma, manhajar karanta labarai, sai mai shekara 13 aka yarda ya yi rajista, kuma akwai labaran manya a ciki. A cire Xender daga tablet ɗin yaro, sannan duk mako a buɗe jakar Download a karanta shafi biyu ko uku daga tsakiyar kowane fayil, ba bangon kawai ba.

Wanda ya kasa saitawa ya kawo na'urar wurin malamin kwamfuta bayan an tashi. Ya zo da kansa, da wayarsa da kalmar sirrin imel ɗinsa, domin ba ma karɓar lambar sirri ta hannun yaro.

Wassalam,
Hukumar makaranta, Abuja