Ɓarakar Tsaro a Manhajar Tsara Kasafin Kamfanoni

Ranka ya daɗe Edita,

Ka ba ni ɗan fili in ja hankalin shugabannin kamfanoni kan manhajojin tsara kasafin kuɗi. A cikinsu ake ajiye hasashen riba, albashin ma'aikata da shirin sayen wani kamfani tun kafin duniya ta ji. Wanda ya kutsa ya karanta waɗannan zai iya cin kasuwar hannun jari da su. Wanda ya sauya lamba ɗaya kuwa, zai sa shugabanni su yanke shawara a kan ƙarya ba su sani ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro.

A 2019 an gano ɓarakar tsaro mai lamba CVE-2019-4716 a IBM Planning Analytics, manhajar tsara kasafin kuɗi ta kamfanin IBM. Ɓarakar tana bai wa baƙo damar shiga a matsayin mai kula da tsarin ba tare da kalmar sirri ba, har ya juya kwamfutar yadda ya ga dama. IBM ya fitar da gyara, amma daga baya hukumar CISA mai kula da tsaron intanet ta Amurka ta saka ta a jerin ɓarakar da masu kutse ke amfani da su a zahiri. Wato dai wasu ba su ɗora gyaran ba.

Sau da yawa sashen kuɗi ne ba ya son a taɓa manhajar lokacin rufe lissafi, sai a yi ta ɗagewa. Kamata ya yi a ɗora irin wannan gyara cikin kwanaki, a kuma janye manhajar daga buɗaɗɗen intanet.

Naka,
Wani mai karatu