A sauko mana da lissafin baitulmali har mazaɓunmu

Assalamu alaikum Malam Edita. Dan Allah a ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana kan lissafin kuɗin gwamnati, don abin ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, kuma na san ba ni kaɗai ba ne a nan Kebbi.

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur da muke saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin ƴan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare ta wuce dubu. Abin da anka ce mana shi ne ku yi haƙuri, kuɗin da ake zubawa a tallafi yanzu za su shiga asusun tarayya a raba wa jihohi da ƙananan hukumomi a yi maku aiki. To kuɗi kam sun ƙaru, ba mai musun wannan, tun farkon 2024 kowane wata sama da naira tiriliyan ɗaya ake rabawa tsakanin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi. Mu mun riga mun biya namu kason a gidan mai da kasuwa, ka tambayi manomin rani a fadamar Argungu ko Suru da ke ba shinkafa ruwa da injin fetur, shi ya fi kowa sanin abin da ya fita daga aljihunsa. Saura a gaya mana inda kuɗin sunka shiga, kuma a gaya mana ta yadda za mu iya tashi mu je mu gani da idonmu, tunda gani ya kori ji.

Na san amsar da jami'ai za su bayar, za su ce ai komai a buɗe yake. Gaskiya ne akwai abin da anka yi. A 2011 Jonathan ya sa hannu a dokar ƴancin samun bayanai, wadda ta ce in ka rubuta wa ma'aikata kana neman bayani ta ba ka amsa cikin kwana 7. A 2015 gwamnatin Buhari ta tilasta wa ma'aikatu asusun bai-ɗaya, sannan a Disambar 2019 ta buɗe shafin baitulmali a intanet inda anka ce kowace ma'aikata ta riƙa saka duk kuɗin da ta biya da ya wuce naira miliyan 5. Madalla. Amma dan Allah wa anka yi wa wannan? Takardu ne masu ɗaruruwan shafuka cikin Turancin akantoci, sai kana da data da babbar waya da sabis mai ƙarfi, kuma ko ka buɗe sau da yawa abin da za ka gani shi ne an biya kamfani kaza miliyan kaza don kawo kaya, wane kaya, wane gari, wace makaranta, oho. Mutumin Bena ko Illo ko Dolekaina me zai yi da wannan? Ko adashin mata na unguwa, uwar adashi zama take a gaban kowa ta ce wance ta zuba wance ta kwasa saura kaza, shi ya sa ba a cika jin rigima ba, sai kuɗin mutum sama da miliyan 200 ne za a ce wai mu je mu nema a intanet.

Inda abin ya fi damuna shi ne alƙaluma. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa, NBS, ta ce a ƙarshen 2020 kashi 33.3 cikin ɗari na masu iya aiki kuma suke son yi ba su da aiki. Sai a watan Agustan 2023 munka wayi gari anka ce kashi 4.1 ne. Ba wai masana'antu anka buɗe ba, ma'aunin ne anka canza, yanzu duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako ana lissafa shi cikin masu aiki, wato yaron da ya gama digiri yana zaune gida ya ɗan taya wani tsaron shago ranar kasuwa shi ma ma'aikaci ne. Haka hauhawar farashi, a Disambar 2024 kashi 34.80 ce, wata guda bayan nan ta koma 24.48, saboda an sauya shekarar da ake auna farashi da ita daga 2009 zuwa 2024 an kuma sake jerin kayan da ake dubawa. Ni ban ce ƙarya sunka yi ba, masana sun ce haka wasu ƙasashe ke yi kuma tsohon ma'aunin ya tsufa, na yarda. Abin da ban yarda da shi ba shi ne manyan gwamnati su ɗauki sabon adadin su hau talabijin suna cewa ga shi tattalin arziki ya farfaɗo, ba tare da sun ce wa talaka ma'auni ne ya canza ba. Magidancin da ya je kasuwar Jega ya dawo da rabin cefanen da ya saba yi, ya kunna rediyo ya ji ana cewa farashi ya sauka, wallahi daga ranar ya daina yarda da duk wani adadi da gwamnati za ta faɗa, har wanda yake gaskiya, har na allurar rigakafi da na ambaliya. Wannan ɓarna ce babba kuma ba a gyara ta da sanarwa.

Kuma idan alƙaluman ba su yi daɗin ji ba sai ka ji shiru. Hukumar nan dai ita ce a 2022 ta ce mutum miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki daban-daban, mafi yawansu a Arewa. Ita ce a Disambar 2024 ta fitar da rahoton cewa ƴan Najeriya sun biya kuɗin fansa da ya kai naira tiriliyan 2.23 cikin shekara ɗaya, ba a jima ba anka ce an yi wa shafinta kutse ya daina buɗewa na tsawon lokaci. Mu da ke maƙwabtaka da Zamfara, mu da munka san halin da Danko-Wasagu da Sakaba sunka shiga, munka san mutanen da sunka sayar da gona da shanu don su karɓo ɗan'uwa, irin wannan rahoton ne ya kamata majalisa ta zauna a kansa ta kira ministocin tsaro su yi bayani ɗaya bayan ɗaya. Sannan duk wannan lissafi a kan ƙidayar 2006 ake gina shi, wadda anka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Yaron da anka haifa shekarar ƙidayar yanzu ya isa jefa ƙuri'a amma da kintace ake ware masa aji da gadon asibiti.

Mu ma nan gida muna da namu tabon, kada a ce Abuja kawai nake nuna wa yatsa. A Birnin Kebbi Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a Nuwamban 2015, mun yi murna, kuma noman shinkafa ya ɗaga sunan jiharmu. An raba sama da naira tiriliyan ɗaya a faɗin ƙasa. A 2023 Asusun Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 kacal anka biya, Babban Banki ya ce a'a kashi 52 ne. Hukumomi biyu, bashi ɗaya, adadi biyu. Da tun farko an manna sunayen waɗanda sunka karɓa a kowace mazaɓa da abin da kowa ya karɓa, da mu da kanmu mun tantance manomin gaske da wanda bai taɓa taka fadama ba, da wanda ambaliya ta cinye da wanda ya ɗauka rabonsa ne na arzikin ƙasa ya ƙara aure.

Sai ministoci. An rantsar da 45 a Agustan 2023, anka ce sun sa hannu a takardar alkawarin aiki kuma ofishin Hajiya Hadiza Bala Usman zai riƙa auna su. A Oktoban 2024 an sallami biyar. To ina sakamakon? Wa ya ci, wa ya faɗi, a kan me? Mu dai ba a karanto mana ba. Abin da muke gani hotuna ne, minista ya karɓi baƙuncin wane, minista ya tafi taro ƙasar waje, nawa tafiyar ta ci kuma me anka dawo da shi babu mai faɗa. An dakatar da ministar jin ƙai Betta Edu a Janairun 2024 kan zargin tura naira miliyan 585 asusun wani mutum, kuɗin ma'aikatar jin ƙai fa, na marasa galihu. EFCC ta gurfanar da tsohon akanta janar Ahmed Idris a 2022 kan zargin naira biliyan 109. Sanata Abdul Ningi ya faɗa a BBC Hausa cewa akwai tiriliyan 3.7 a kasafin 2024 da ba a san ayyukansu ba, abokan aikinsa sunka dakatar da shi wata uku. Ko gaskiya ya faɗa ko kuskure ya yi, ai da takarda ya kamata a ba shi amsa a gaban jama'a.

Shi ya sa nake kira ga Sanata Atiku Bagudu, ɗanmu ne, ya yi mana gwamna shekara takwas, kuma shi anka ba ma'aikatar kasafi da tsare-tsare wadda hukumar ƙididdiga ke ƙarƙashinta. Ranka ya daɗe, ka san Kebbi lungu-lungu, ka san mutanenka da rediyo suke kwana suke tashi. A fassara kason Kebbi na kasafin tarayya, aiki-aiki gari-gari, a karanta a gidan rediyo da Hausa da Fulatanci da Zabarmanci da Dakarci, a buɗe layin waya mutane su kira su ce wannan an yi wannan ba a yi ba. Haka mai girma gwamna Nasir Idris Kauran Gwandu da shugabannin ƙananan hukumominmu 21, musamman tunda kotun ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi su tafi hannunsu kai tsaye. Kowane wata a rubuta a allo a ƙofar sakatariya, ga abin da ya shigo, ga albashi, ga abin da ya rage da inda ya tafi. Allo da alli ba su buƙatar kwangila.

Akwai wani ɗakin shan magani a wani ƙauye da nake zuwa, gini ya tsaya a linta ciyawa ta cinye shi, allon kwangilar na nan tsaye da sunan aiki amma babu kuɗin aikin babu ranar gamawa, mata kuwa har yanzu a kan babur ake kai su haihuwa gari na gaba. Mai unguwa bai san nawa anka ware ba, limamin garin bai sani ba, to wa zai tambayi wa? A sa doka duk allon kwangila ya ɗauki adadin kuɗi da ranar kammalawa da lambar wayar da za a kira.

Ku ma Malam Edita akwai naku. Ku ware shafi guda duk wata ku buga abin da kowace ƙaramar hukuma a Kebbi da Sakkwato da Zamfara ta samu daga rabon tarayya, tunda ofishin akanta janar na fitar da shi, kuma wakilanku su riƙa amfani da dokar nan ta 2011 suna rubuta wa ma'aikatu, wadda ta amsa ku buga, wadda kwana 7 ya wuce ta yi gum ita ma ku buga sunanta. Mu nan za mu yanke shafin mu manna a majalisarmu da ƙofar masallaci in sha Allahu.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Mai karatu daga Argungu, Jihar Kebbi