Godiya ga ma'aikatan ɗakin awon yara na asibitin unguwarmu

Assalamu alaikum jama'a. Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici, shi ya sa na ce bari in fito fili in gode wa ma'aikatan ɗakin awon yara na ƙaramin asibitin gwamnati da ke unguwarmu nan Madina a Akra, musamman wata nas guda ɗaya, ba zan faɗi sunanta ba don ban nemi izininta ba, amma duk matar da ke kai yaro awo wurin ta san ta.

Ina da 'yan haya mata da miji, baƙaƙen fata 'yan Amurka daga Atlanta, da ɗansu ɗan wata 14 wanda nake kira maigidana. Sun fara zuwa Ghana ne a 2019, lokacin Shekarar Dawowa Gida da gwamnatin Nana Akufo-Addo ta shirya don tuna shekara 400 da sauke bayi 'yan Afirka a Virginia a 1619, ƙasar ta shiga ransu, bayan sun haihu suka tattaro kayansu suka dawo da zama. To amma zuwa yawon buɗe ido daban, zama da ƙaramin yaro daban. Wuta ta ɗauke da dare yaro ya yi ta kuka don zafi, ruwan famfo sai ranar da ya ga dama sai an kira tanka, keken tura yaron da suka zo da shi ga shi nan a jingine saboda kwatoci da ramukan hanya, ni na koya wa uwar goyo da zane har ta iya ɗaura majanyi da kanta. Duk wannan ta jure ba ta taɓa yi min ƙorafi ba. Abin da ya kusa karya mata zuciya shi ne asibiti.

Da yaron ya yi zazzaɓi sun fara kai shi wani asibitin kuɗi, mai tayil da esi da talabijin a bango. Tun a wurin yankar kati da aka ji harshenta kuɗin ya canza. Ta ce jikin yaro ya kai 101, yarinyar da ke kan tebur ta ƙyalƙyale da dariya ta ce ai da ya kai haka da tuni ya mutu, a gaban uwa fa, uwar da ta kwana ba ta runtsa ba! Ita da ma'aunin Amurka ta auna, babu wanda ya tsaya ya tambaye ta. Takardar rigakafinsa kuwa juya ta kawai suka yi suka ce ba su san wannan ba, wai sai dai a sake masa allurai daga farko, aka rubuto musu gwaje-gwaje shafi guda. Ta dawo gida ta zauna a ƙofar ɗakina tana hawaye, ta ce Mama anya ban cuci yaron nan ba da na kawo shi? Wallahi maganar nan ta tsaya min a rai. Na ce 'yata share hawayenki, gobe da sassafe ni zan raka ki inda muke kai namu jikokin.

Ban ɓoye mata ba, na ce za mu yi layi a kan benci, kuma mun yi. Da layi ya zo kanmu nas ɗin nan ta gaishe ni ta gaishe ta, ta ce wa uwar sannu da zuwa gida 'yar'uwa, ba ta kira ta obroni, wato baturiya, ba kamar yadda ake yi mata a kasuwa abin yana sosa mata rai. Da ta ji 101 ko gezau ba ta yi ba, ta ɗauki biro ta yi lissafi a bayan kati ta ce 38.3 kenan a namu ma'aunin, ta rubuta mata cewa 100.4 nasu shi ne 38 namu, daga nan ne ake cewa zazzaɓi, ta ce ki manna wannan a jikin firij. Nauyinsa ma uwar fam 22 ta sani, aka sa shi a ɗan wandon nan aka rataya a sikeli yana ta tsala ihu yana harba ƙafa, ya tashi kilo 10, ta ce da kilo za ki riƙa faɗa don da shi ake auna maganin yara. Ruwan maganin Tylenol da ta zo da shi ma ta nuna mata cewa shi ne farasitamol ɗinmu, kar ta haɗa biyun ta ba shi. Ku duba fa, da ba a faɗa mata ba da me zai faru?

Sai takardar rigakafin. Baiwar Allah nan ta ja kujera ta shimfiɗa takardar Amurka kusa da littafin awo namu tana bi layi-layi da yatsa. Ta ce allurar nan tamu ta Penta mai haɗe da rigakafi biyar ai duk an yi masa su a can, sunayen ne daban. Shan inna mu muna ɗiga wa a baki, su allura suke yi. Ta ƙyanda mu a wata 9 muke fara ta, su sai yaro ya shekara, an yi masa. Ta shawara an yi masa kafin su taso tunda ana neman katin a filin jirgi. Ta duba damtsensa babu tabon BCG, allurar rigakafin tarin fuka, ta ce a Amurka ba a saba yi wa jarirai ba, tunda ya wuce shekara wannan likita ne zai yanke, ba ita ba. Ta cike masa sabon littafi da hannunta, ta ba shi bitamin A, ta rubuta ranar da zai dawo a wata 18 don ta ƙyanda ta biyu da ta sanƙarau. Ko allura ɗaya ba a maimaita masa ba.

An tsaga masa yatsa an yi gwajin maleriya, cikin minti 20 ya fito babu, likita ya duba ya ce kunne ne, ya rubuta magani, shi kenan. Amma kafin mu fita sai da ta sake tsayar da uwar ta ce kar ki yi wasa da zazzaɓi ko na kwana ɗaya ne, a zo a gwada, gidan sauro kuma kullum, a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa. Uban da ya biyo mu daga baya ya ciro kuɗi zai ba ta na goro ta ce a'a, aikinta ne. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, ranar na ga haka da idona. Allah Ya saka miki da alheri 'yata, Ya raya miki naki, Ya ƙara muku haƙuri ku da abokan aikinki da ke fama da mu cikin zafin nan.

Abin da ke ba ni takaici shi ne me ya sa irin wannan sai an yi sa'a? Gwamnati ta yi ta kiran mutanen nan su dawo gida, sun dawo, sai mu tarbe su da farashi biyu, mai tasi ya ninka, dillalin gida ya nemi hayar shekara biyu a dunƙule har da dala, ofis ka je a ce ka dawo gobe oga bai zo ba. Kuma ba baƙi kaɗai ba, mu 'yan zango mun fi kowa sani, mata nawa ne suka daina kai yara awo saboda tsawar da ake daka musu don sun makara ko littafi ya jiƙe? Uwa ta ji kunya a gaban mutane ta ƙi komawa, yaro ya rasa allurarsa. Masu asibitocin kuɗin nan su ma su ji, wanda ya biya kuɗi mai yawa ai ya cancanci a saurare shi ko na minti biyar ne.

Ina roƙon shugabannin asibitin nan idan saƙona ya kai gare su, don Allah a san da ma'aikatan ɗakin awo, a kuma ƙara musu benci da rumfa, don mata masu goyo da yawa a tsaye suke jira a rana.

Taku, wata uwa daga Madina Zango.