Rahoton Sakatare Kan Ayyukan Shekara: Auna Bukatun Zuciyar Ɗalibanmu

Malam Shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan'uwa malamai masu ba ɗalibai shawara a makarantun sakandaren jihar Gombe, assalamu alaikum. Barkanmu da ganin ƙarshen wannan shekara lafiya.

Tarurrukan wata-wata sun gudana yadda aka saba, an kuma kai gaisuwar ta'aziyya da gudummawar biki da suna ga mambobin da abin ya shafa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Batun kuɗi na bar wa Ma'aji, zai karanta nasa bayana.

Aikin da ya ci mana lokaci shi ne wanda babban taron bara ya ɗora wa kwamitin bincike. Kowace makaranta tana da rajistar zuwa da takardar sakamakon jarrabawa, amma babu takardar da ke gaya mana yadda yaro ɗan JSS 3 ko SS 1 yake ji a ransa in ya shigo ƙofar makaranta da safe. Mu kuwa nan ne gonarmu.

Kwamiti ya jingina da nazarin Edward Deci da Richard Ryan na Jami'ar Rochester a Amurka, waɗanda suka fitar da littafinsu kan wannan batu a 1985. A ganinsu, bukatu uku ne zuciyar mutum ba ta zama lafiya sai da su: ya ji yana da ta cewa a kan abin da yake yi, ya ji ya iya, ya kuma ji ana yi da shi. Ɗalibin da ya samu ukun nan yakan yi karatu don kansa. Wanda aka tauye wa su yakan yi don tsoron bulala ko neman maki, malami na juya baya ya rufe littafi. A 2014 Lili Tian da abokan aikinta, ciki har da Scott Huebner, suka fitar da ma'aunin waɗannan bukatu da suka gwada kan ɗaliban ƙasar Sin, jumloli 15, biyar ga kowace bukata, ɗalibi ya nuna iya yardarsa da kowace. Shi muka mayar Hausa, muka ba wani malamin da bai ga na asali ba ya sake mayar da shi Turanci don a ga ko ma'ana ta kauce. Inda yara suka fi sakewa da Fulatanci, Tangale, Tera ko Waja, an karanta musu a bayyane an yi bayani.

Sharuɗɗa biyu kwamiti ya kafe a kai bayan samun izinin shugabannin makarantu da na iyaye: ba a rubuta suna, kuma malamin makarantar ba ya raba takarda a makarantarsa. Na Kumo ya tafi Deba, na Bajoga ya nufi Dukku, na Kaltungo da na Billiri suka yi musaya. Wasu sun yi ƙorafin kuɗin mota, amma ni ina ganin da ba a yi haka ba da aikin banza muka yi. Yaron da aka rena da kunya ba zai rubuta "ba a saurarona" ba alhali malamin da zai ba shi maki yana tsaye a kansa. Zai cike "na yarda" daga sama har ƙasa, mu dawo muna murna da ƙarya.

Abin da ya fito: wajen jin ana yi da su, yara sun fi gamsuwa, musamman 'yan kwana. 'Yan matan jeka-ka-dawo da ke gaggawar komawa gida don aiki ko talla sun ɗan yi ƙasa. Jin an iya yana raguwa a SS 1, kuma ya fi muni ga waɗanda karatun Turanci ke ba wahala. Amma wadda ta zo ƙarshe kusan ko'ina ita ce samun ta cewa.

A kan wannan ne aka yi zazzafar muhawara. Wasu daga cikin dattawanmu, da girmamawa, sun ce ba yaro zaɓi ƙofar rashin kunya ce. Ban ga haka ba. Ba wanda ya ce a bar ɗalibi ya zo lokacin da ya ga dama. Ku dubi rabon aji bayan JSS 3: uba yana son likita, makaranta tana duba maki, sai yaro ya tsinci sunansa a jerin 'yan kimiyya ko 'yan kasuwanci a jikin allo, ba wanda ya zaunar da shi. Shekara uku zai yi yana jan ƙafa, ranar da sakamakon WAEC ya fito a ce ba shi da ƙoƙari. Haka monita da shugabannin ɗalibai, naɗa su ake yi. Ko doka ce aka kafa, faɗin dalilinta ga matashi ba ya rage wa malami daraja. Makarantun da mambobinmu suka fara zama da 'yan JSS 3 da iyayensu kafin rabon aji sun ce masu zuwa neman canjin aji a tsakiyar zango sun ragu.

Gargaɗi ɗaya: kada wani ya ɗauki wannan zuwa gidan rediyo ya ce haka ɗaliban jihar suke. Ƙananan hukumomi 11 gare mu, inda muke da mambobi kawai muka shiga.

A shekara mai zuwa kwamiti na neman amincewarku a tuntuɓi masana a Jami'ar Jihar Gombe ko Jami'ar Tarayya ta Kashere su gwada ingancin ma'aunin da lissafin Cronbach, wato lissafin da ke nuna ko jumlolin kowace bukata abu ɗaya suke aunawa, sannan a maimaita aikin a makarantun da aka yi a bana don a kwatanta. Mambobin da har yanzu takardun ɗalibai ke hannunsu, don Allah su miƙa wa Mataimakiyar Sakatare a rufe cikin ambulan kafin hutun zangon farko.

Na gode.

Sakatare